Yadda Yusuf Ya Koma Maitama

Duk daɗewata a sana'ar nan, ban taɓa mantawa da ranar da Malama Hajara ta fara karatu a ɗakin ɗaukar muryarmu na Kazaure ba. Ku sababbin masu karatu ba ku sani ba, da sayar da waya na fara. Da na lura mata sun fi neman littattafan da ake karantawa a saurara, sai na gyara ɗakin bayan shago, na jingina katifu a bango don tare hayaniya, na nemi izinin marubuta, na naɗa kaina darakta.

Malama Hajara Bafulatana ce daga Roni, malamar firamare. Na daɗe ina horar da ita: inda za ta ja numfashi, tazarar bakinta da makirfo, yadda za ta raba muryar tsohuwa da ta budurwa. Dokata ɗaya ce, abin da ke rubuce shi ake karantawa. Ta kuma san wannan littafin ne gwajinta, in ta gaza wata zan ɗauka.

Muka fara, murya tar, ba gargada. Amma ina bin shafi da yatsa, sai na ga duk inda sunan jarumin ya zo, "yaron nan" take cewa. Na tsayar da na'ura.

"Malama, Yusuf sunansa."

"Na gani, Alhaji."

"To, faɗi mana."

Ta sunkuyar da kai. "Sunan ɗan farina ne. Tun da aka raɗa masa ban taɓa faɗa ba, ba kuma zan fara yau duk Jigawa na ji ba."

"A kan wannan za ki bar aikin?"

"In haka ne, a tsayar min da mai babur."

Ni ɗan kasuwa ne, na san irin wannan muryar ba ta zuwa shago sau biyu. Na kira marubuciyar, wata baiwar Allah a Gwiwa, na buɗe muryar wayar muna ji tare, na faɗa mata abin da ya faru. Ta yi dariya har da tari.

"Alhaji, kai mahaifiyarka tana kiran sunanka?"

"Ni auta ne, Hajiya, da aike ma take haɗa shi."

"Shi ya sa. A gidanmu Maitama muke ce wa mai sunan. Ta ce Maitama, na amince."

Malama Hajara ta gyara zama. Da bakinta ya sake, sai karatun ya fi na lokacin horo daɗi. Ranar kasuwa, har daga Babura mata suka riƙa aiko da wayoyi a sa musu "littafin Maitama". Sunan littafin na gaskiya, har ni sai na duba.

A ranar na gane horar da mai karatu ba a numfashi da makirfo ya tsaya ba, don da tarbiyyar gidansu yake shigowa ɗakin. Shi ya sa kuke ji kafin na ba ku littafi nake tambayar sunan da bakinku ba ya faɗa. In ban samu zama ba, Malama Hajara ce ke tambaya, tunda yanzu ita ke horar da ku.