Barewa Ɗaya Tsakanin Yayana da Surukina

Ni tela ne, kuma ban taɓa sha'awar farauta ba. A shekarun da nake da ɗan shago a Jidda, a bayan ƙofar gari da ake kira Bab Makka, burina kawai a bar ni da kekena in gama ɗinkin mutane kafin alhazai su cika gari. Amma Allah ya haɗa ni da maharba biyu, kuma babu wanda nake da bakin ce wa ya yi shiru a cikinsu. Ɗaya yayana ne, ɗayan surukina.

Surukina a Sudan ya girma, a wani ƙauyen Hausawa na bakin kogi, inda iyayensa suka yada zango a hanyar Makka, zangon ya zama gida. Can ya koyi harbi a wurin mahaifinsa. Da ya haye teku ya zauna a unguwar Hindawiyya yana sayar da tsire, bai rabu da kayan farautarsa ba: baka da kwari, kan burtu da ake ɗaurawa a goshi a yi wa nama sanɗa, da wata 'yar mabusa ta ƙaho wadda in ya hura sai ka rantse ɗan barewa ne ya ɓace wa uwarsa. Yaya kuwa direba ne. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, attajiri ne mai samarin 'ya'ya, shi yake tuƙa su a jib su kori barewa a fili har ta gaji, su harbe ta daga cikin mota. Wani lokaci a bar masa motar da bindigar ranar Juma'a.

Da alheri fitinar ta fara. Wata rana Yaya ya kawo cinyar barewa gidana, ya tarar da tsohon ya zo gaida jikokinsa, sai ya durƙusa ya ajiye masa ita a gaba. Tsohon ya juya naman, ya shinshina, ya ture shi gefe.

"Wannan ba farautarta aka yi ba," in ji shi. "Dubi yadda ya yi baƙi. Jininta ya dahu a jikinta tun tana gudu."

"Baba, nama ai nama ne," in ji Yaya. "An yi bisimilla, wuƙa ta hau wuya. Halas."

"Ƙarfe ya yi gudu, ƙarfe ya yi harbi. Kai me ka yi, ban da zama?"

Daga ranar shagona ya zama zauren shari'a. Tsohon ya zo da hantsi ya zauna a kan bandir ɗin yadin mutane, ya yi ta ba ni labarin yadda ake karanta sawu da yadda ake bin iska. Yaya ya zo bayan la'asar ya ce tsofaffi ba sa son ci gaba, wai da ƙafa suka zo Makka shi ya sa suke jin haushin duk wani abu mai taya. In sun haɗu kuwa, sai masu kawo ɗinki su leƙo su juya. Kowannensu yana gama magana sai ya dube ni ya ce, "Ko ba haka ba?" In na gyaɗa wa Yaya kai na ci mutuncin uban matata. In na gyaɗa wa tsohon, Yaya ya ce mace ta shanye ni. Har na taɓa ɗinka wa wani Bahadrame, Balaraben Yaman, hannun riga a baibai saboda surutunsu.

Da suka yanke shawarar fita daji tare don a raba gardama, sai suka ce ni ne shaida. Na ce ina da aiki. Matata ta ce, "Ka bar Baba ya shiga motar nan shi kaɗai da Yaya? In wani abu ya same shi fa?" Haka na tafi.

Ranar Juma'a muka fita bayan sallar asuba, muka nufi kudu ta hanyar garin Lis, da alkawarin za mu dawo kafin a hau mumbari. Sharaɗin shi ne garken farko na tsohon ne, a kashe mota, kowa ya yi shiru. Garke na biyu na Yaya. Matata ta ƙunsa mini gurasar tamis da wake, amma ina zan ci abinci a gaban suruki? Su biyu suka karya suna musu, ni ina zaune a baya da ƙunshina a cinya, cikina na kuka.

Rana ta ɗan ɗaga muka hango bareyi, 'yan kaɗan, suna kiwo a gindin wasu ƙayoyi. Yaya ya kashe mota. Tsohon ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya ɗebi ƙasa ya sake ta don ya ga inda iska ta nufa, sannan ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yafa baƙin zane, ya ɗauki bakansa.

"Baba," in ji Yaya ƙasa-ƙasa, "ƙasar nan fa babu burtu. Barewar Hijaz ba ta taɓa ganinsa ba."

"Barewa barewa ce," in ji tsohon. Ya duƙa ya tafi.

Gaskiya na ga abin mamaki. Mutum mai furfura ya koma tsuntsu, yana taku yana saran ƙasa da baki, ya tsaya, ya karkace, ya sake matsawa. Bareyin suka ɗaga kai suka dube shi, suka ci gaba da kiwo. Sai dai abin ba ya ƙarewa. Ya yi gaba kamu ɗaya, ya yi gefe kamu uku. Ƙarfen motar ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa, ƙudaje suka same mu, gumi ya jiƙa mini riga. Yaya ya yi tsaki, ya yi hamma, ya kaɗa yatsu a kan sitiyari.

Can sai na ga ya miƙa hannu ya ɗauki mabusar da tsohon ya bari a kan kujera.

"Yaya, don Allah ka ajiye."

"Taimakonsa zan yi. In kira masa su, mu huta."

Ya hura. Abin da ya fito ya fi kama da kukan akuyar da aka taka wa wutsiya. Garken ya watse kamar an watsa tsakuwa, ban da guda ɗaya. Ita ta yi tsalle biyu, ta tsaya, ta juyo tana kallon motar. Yaya ya murɗa makulli.

"Yalla, riƙe da kyau!"

Ban san me zan riƙe ba. Motar ta zabura, muka wuce tsohon yana tsaye da kan tsuntsu a goshi, ƙura ta rufe shi. Kaina ya bugi ƙarfen rufi, waken ya kife a jikina, takalmina ɗaya ya fice ban sake ganinsa ba. Ina salati ina roƙon Yaya ya tsaya, shi kuwa yana ihu da Larabci kamar yadda ya ji yaran kafilinsa na yi. Barewar ta yi dama, ya yi dama. Ta yi hagu, ya yanke mata hanya. Tun tana tashi sama kamar ba ta taɓa ƙasa, har gudun ya fara yi mata nauyi, bakinta a buɗe. Da ta rasa mafita sai ta miƙe wajen teku, ta hau wani farin fili mai sheƙi. Sabaha ce, laka mai gishiri wadda samanta ya bushe. Ita ta wuce. Mu muka nutse har gindin ƙofa.

Bindigar ta faɗa cikin laka, bakinta ya toshe. Barewar ta ɗan ƙara gaba, ta tsaya tana rawar jiki, sannan ta durƙushe.

Muna nan tsaye cirko-cirko tsohon ya iso da ƙafa, bai kalle mu ba. Ya zare wuƙa ya bi ta kan gishirin a hankali. Na bi shi da takalmi ɗaya. Kumfa mai jini na fita daga hancinta, haƙarƙarinta na hawa da sauka, ko yunƙurin tashi ba ta yi ba. Ya juya ta alƙibla, ya yi bisimilla, ya yanka kafin ta zama mushe. Da ya kwantar da ita na ga hantsarta cike da nono.

"Tana da ɗa a kwance a wani wuri," in ji shi. "Shi ya sa ta tsaya wa kiran."

Na zaci wannan zai sa su yi shiru. Ina! Yaya ya ƙaraso yana cewa motarsa ce ta kayar da ita, don haka an raba gardama. Tsohon ya ce wanda ya taka da ƙafarsa ya yanka shi ne maharbi, kuma da ba a yi masa shisshigi ba da namiji zai zaɓa.

"To mabusar ta wace ce, Baba?" in ji Yaya. "Ba don a yaudari uwa aka yi ta ba?"

"A bakin mai hankali, ɗan nan. Mai hankali yana duba hantsa kafin ya saki kibiya."

Ni abin da ke raina shi ne ɗan da ke can gindin wata ƙaya yana jira. Na ce mu je mu duba. Tsohon ya ce motar ta tattake sawun duka, Yaya ya ce ai motar ba ta motsi. Suka koma kan juna.

Da hannu muka haƙa lakar don fitar da motar. In ce muka haƙa, amma ni na haƙa, don ba a sa suruki aiki, Yaya kuma dole ya zauna a sitiyari. Na yanko ƙirare na cusa ƙarƙashin taya, gishiri na cin yankan da ƙaya ta yi mini. Lokacin Juma'a ya zo ya wuce, muka yi azahar a kan busasshiyar laka. Sai da rana ta yi sanyi motar ta fito, ta fesa mini laka daga sama har ƙasa.

Matata ta buɗe ƙofa ta gan ni, ba ta tambayi komai ba sai, "Ina Baba? Lafiyarsa ƙalau?" Ta dafa naman. Tsohon ya ce ba zai ci abin da aka kashe da gudu ba, amma ya tafi da fatar da ƙahon, wai haƙƙin maharbi ne. Yaya ya cinye rabonsa yana yaba daɗi, ko da yake na ga yana ta kora shi da ruwa. Ni na ci shinkafa gaya. Mako guda ban iya riƙe allura da kyau ba.

Bayan wasu shekaru barewa ta yi wuyar gani a duk wajen Jidda. Motocin masu farauta sun yi yawa, kowa da jib da bindiga. Yaya ya riƙa yin nisa yana dawowa hannu rabbana, har yaran kafilinsa suka daina fita. Tsohon kuma gwiwa ta hana shi tafiya, masallacin unguwa ma sai da sanda. Sai ga shi Yaya ne ke zuwa ya ɗauke shi a motar nan da ya tsana, su fita duba sawu. Duk inda suka tsaya sawun taya suke tararwa. Su dawo shagona da yamma, tsohon ya ce su Yaya ne suka ƙarar da naman daji, Yaya ya ce fari ne, su zauna mini a kan yadi. Sau da yawa sun ce in zo mu je. Nakan ce musu alhazai sun kusa, ko da kuwa watan Safar muke ciki.