Wuƙar Baba da Ɓeran Masar

Mahaifina bai taɓa lissafa ɓeran Masar ɗina cikin dabbobi ba. Dabba a wurinsa ita ce mai jan amalanke ko mai ba da nono. Wannan kuwa, da yayana ya kawo mini daga ci-rani, aikinsa cin harawar wake da tsuwa kamar ƙyauren da ya rasa mai.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wanga abu naki mi shika yi ban da ci?"

"Shina sona, Baba."

"To, aiki ne babba."

Ina 'yar shekara goma sha biyu ƙullutu ya fito wa ɓeran a gefen wuya. Da fari kamar ƙwayar wake, kafin a gama girbi ya kai dabino. Ya daina rugowa idan ya ji tafiyata. Ni ma na daina cin abinci, kuma da gangan nake ture kwanon a gaban Baba don ya gani. Kwana uku ya daure, a na huɗu ya tayar da babur, ya ce in sa shi a ƙwarya in rufe da faifai. Muka bar Tsarnawa muka nufi Ƙonni.

A gidanmu ba a barin dabba ta mutu mushe. Duk wanda zai kai maras lafiya wurin magani, da wuƙa yake tafiya, in rai ya zo fita a yanka da sunan Allah. Na sani sarai, amma ban zaci dokar ta hau kan ɓerana ba, tunda ai ba dabba ba ne. Sai da muka hau kwalta, na riƙe Baba ta baya, na ji kuben wuƙar a aljihun rigarsa. Haushi da tsoro suka cika ni har muka isa.

Likitan dabbobi ya buɗe faifan ya yi dariya, ya ce bai taɓa yi wa abin da bai kai ɗan akuya aiki ba. Duk da haka ya wanke hannu. Ya yi masa allura, ya aske gashin wurin da reza, ya tsaga fatar kaɗan, ya zaro ƙullutun fari fat, ya yi ɗinki uku. Sai dai ɓeran bai motsa ba. Yana kwance a kan tebur, ido buɗe, numfashin ma sai ka ƙura ido.

Na ga hannun Baba ya nufi aljihu. Na cafke shi da hannu biyu.

"Uwata, in ya tahi hakanan, mushe ne."

"Bar shi ya zan mushe. Nawa ne."

Ban taɓa yi masa musu ba sai ranar. Ya dube ni ya daɗe, likita ya sunkuyar da kai. Sannan Baba ya zaro wuƙar da kubenta ya ɗora a tafina.

"Riƙe ta ke. In tana wurina, hannuna ya saba."

Muka zauna a benci muna jira, shi yana jan carbi, ni ina danne da wuƙar a cinya. Da ƙafar ɓeran ta baya ta harba, Baba ne ya fara miƙewa, har hularsa ta faɗi.

Ɓeran ya ƙara shekara biyu, ya mutu da kansa, Baba ya haƙa masa rami a bayan rumbu. Shi ma yau shekarunsa da rasuwa sun yi nisa. Ina kewarsa ƙwarai, har tsokanar tasa. Wuƙar tana cikin akwatina a ɗakin aurena. Kafin ya rasu, sau da yawa na miƙa masa ita, yana cewa, "Aje dai, Uwata, ban tambaye ki ba tukuna."