Ƙarfen da Na Ɓoye a Gwangwanin Madara

Wata Juma'a cikin sanyin Janairu, ina da shekara tara, Abba ya ɗauke ni daga gidanmu na unguwar Mansura a Doha bayan an sauko daga masallaci. Na sa jar rigata, don na zaci bakin teku za mu, inda muka saba zama kowane mako, yana kurɓar karak, shayin madara mai kayan ƙamshi, ina ƙirga masa jiragen ruwa. Sai muka zarce unguwar makanikai. A ƙuryar garejin wani abokinsa ɗan Sudan ya yaye tamfol, sai ga tsohuwar jif irin ta hawa rairayi, ba taya, ba gilashi, tsatsa ta ci ƙofofinta, har kyanwa ta haihu a kujerar baya. Abba ya shafa goshin motar ya ce, "Sannu, 'yar albarka." Da wannan sunan yake kirana, kuma ban taɓa jin ya ba wani ba.

Abba bakanike ne a filin jirgi, yana gyaran motocin da ke jan kaya, hutunsa rana ɗaya a mako. Ranar ce motar ta ƙwace mini. Ya ƙudura sai ya mayar da ita motar tsere. Ya yanke rufinta ya rage mata tsayi, ya kwantar da ita har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ya samo mata inji mai silinda takwas da faffaɗan tayoyin baya, da salansa biyu masu ƙyalli a gefe. A gida ina shanya wa Umma wanki a 'yar barandarmu, ina jin sa a waya yana cigiyar kayan gyara da Larabcinsa mai karin harshen Katsina. A gareji kuwa ina zaune a kan tsohuwar taya ina carafke da notina. In na kawo masa sakamakon jarrabawa, sai ya riƙe takardar da yatsa biyu don kada baƙin mai ya ɓata ta, ya ce madalla, idonsa na kan inji.

Da zafi ya shigo, ran nan ya kwance kafireto ya jera kayan cikinsa a kan farin ƙyalle. Na ɗauke wani ɗan ƙarfe rawaya da bai kai yatsana tsawo ba, na dunƙule shi har gida, na jefa a gwangwanin madarar da nake tara awarwarona. A tunanina motar za ta ƙi tashi, ya gaji, mu koma bakin teku. Ban san an daina ƙera kayanta tun kafin a haife ni ba. Juma'a huɗu Abba yana zagaya filayen matattun motoci a bayan gari, ba ya ma tafiya da ni saboda rana. Da ko bayansa ina gani yana sunkuye a kan inji, yanzu bayan ma na rasa.

A ta biyar na ajiye gwangwanin kusa da farantin abincinsa. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Umma ta ce, "Ummi, ashe ke ce?" Shi bai yi faɗa ba. Ya ce, "Sa takalminki. Wadda ta cire ita za ta mayar." A gareji na ɗaura shi, hannunsa a kan nawa. Da injin ya tashi, ƙarar ta bi ta tafin ƙafata har haƙorana, kwanon rufin gareji ya ɗauki kyarma, dariya ta kuɓuce mini ban shirya ba. Ni na zaɓi fenti, ja irin na rigata. Shekara biyu muna fita da ita hanyar bayan gari, ni a gaba.

Da aikin Abba ya ƙare, ba halin kai motar Katsina, ya sayar, muka koma gida. Ni kaɗai na dawo Doha karatu. Bara, ina jiran tsallaka titi a unguwar Bin Mahmud, na ji ƙarar kafin in gan ta. Har yanzu ja ce. Wani Balarabe ke tuƙi, a gefensa wata yarinya ta miƙe ƙafa a inda nake sa tawa, askirim na ɗiga daga hannunta a kan kujera. Kishi ya taso mini irin na Juma'ar da Abba ya yaye tamfol, sai dai wannan karon yarinyar nake harara. Na kira Abba, na ɗaga wayar sama don ya ji kafin danja ta ba su hanya. Ya saurara, sannan ya ce a hankali, "'Yar albarka. Kafiretonta na son gyara."

A da, da na yi fushi. Yanzu na yarda mu raba sunan, ni da ita.