Wane Umarun Aka Ɗauko?

Kwana biyu bayan sunan jikana Umaru, na tarar da ɗana a falonsa na unguwar Badariya yana ta tsaki gaban kwamfuta. Ni da na tsere wa boko tun aji huɗu, na ja kujera kamar zan gyara masa. Na ce, "Mi ta yi maka?"

Ya ce, "Baba, abu biyu na ba suna guda, ta ɗauko wanda ban nufa ba. Yaren kwamfutar da nake rubutu da shi, in ya ga suna, ɗakin da aka ambace shi yake fara dubawa, sannan tsakar gida. Sai ya rasa yake komawa wurin uba da kaka."

Na yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Sunana Umaru. Surukin ɗana, Alhajin da ya ba shi sashen da yake zaune ciki, shi ma Umaru ne. Ni kuwa tun daga Argungu na rungumo rago cikin mota, ina gaya wa fasinjoji an yi mini takwara.

Na ce, "To jinjirin nan, wane Umarun aka ɗauko?"

Ya gyara tabarau. "Baba, ai duk ɗaya ne."

Daga ɗaki na ji matarsa tana rarrashi: "Yi shiru, Alhajina."

Ni kuwa jirgin Makka daga bakin titin Ambursa, gefen filin jirgi, kawai nake hango shi.

Ashe uba sai an rasa na kusa ake nemansa. Jama'a, in haƙura, ko in koma in karɓo fatar ragona?