Ya fita da hula, ya dawo babu

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ara mini kunne. Ba tatsuniya na zo da ita ba, ko da yake na fi iya ta. Ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa.

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da mai gidana ya fita daga gidanmu na Badarawa bai dawo ba. Malam nake ce masa, don matan zamaninmu ba ma kama sunan miji.

Gyaran rediyo ne sana'arsa, kuma duk wadda ya gyara sai ya saurari labaran duniya da ita kafin mai ita ya zo. A nan ya ji cewa bayan wani babban yaƙi, manyan ƙasashe sun taru sun yi doka: wanda duk ya tashi ƙarar da wata al'umma saboda yarenta ko addininta, sai ya tsaya gaban alƙali, ko sarki ne. Dokar nan ta kwanta masa a rai. Nakan ce, "Malam, su da ba su san hanyar Kawo ba?" Sai ya ce, "Ke dai tuƙa tuwonki. Duniya ta yi ido yanzu."

Da rikicin garin nan ya tashi, maƙwabcinmu Bulus kafinta ya maƙale a cikinmu. Kirista ne, katanga ɗaya ta raba mu, matarsa Laraba ce ta riƙe ni a haihuwata ta fari. Ita da yara sun riga sun tsallaka gada wurin danginta, ɓangaren Kiristoci. Da hantsi Malam ya ɗauko babbar rigarsa ta Juma'a da hula ya sa wa Bulus, ya ce, "Kafinta, yau kai Alhaji ne. In an yi sallama ka bar mini amsawa, bakinka zai tona mu." Har dariya suka yi. Haka ya raka shi a ƙasa har ƙetaren kogi.

A can kuma sai ya zama Malam ne abin farauta. Bulus ya ba shi shat da wandon da ke jikinsa, ya karɓi kaftaninsa da hularsa ya ɓoye. Dabarar ta yi, ya fito lafiya. Abin da ba su tuna ba shi ne, in ya sake hawo gada, da wace riga zai shigo wa nasa mutanen?

Wani direban bas da Malam ya taɓa gyara wa rediyo ya ga abin da ya faru. Samari ne na ɓangarenmu, ba 'yan unguwarmu ba. Sun tare Malam, sun ga kai babu hula, sun ga shat. Ya yi musu kalmar shahada, suka ce yau kowa ya haddace ta. Daga baya mota ta zo ta kwashe gawawwaki. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Na yi takaba ban san inda aka sa shi ba, kuma har yau ban sani ba.

Bayan ƙura ta lafa, wata baturiya ta zo da tafinta, wai daga masu kare haƙƙin ɗan Adam. Na shimfiɗa mata tabarma, zuciyata na cewa ga dokar Malam ta iso. Ta tambayi sunan mamaci, na ce Malam. Ta sake tambaya, na sunkuyar da kai, sai ƙaninsa da ke wurin ya faɗa. Ta ce, "Wane ɓangare ne suka kashe shi?" Na ce, "Namu ne, amma a zatonsu na can ne." Suka yi ta magana da tafinta cikin Turanci. Can ya ce, "Mama, irin wannan yana da wuyar sakawa a lissafi." Ta riƙe hannuna, ta yi ƙwalla, ta tafi. Ban ce muguwa ba ce. Amma ba wanda ya sake kirana.

Yanzu ma rediyonsa nake kunnawa. Ina ji ana ambaton ƙasashen da ake share mutane gida gida, manyan duniya suna zama suna tashi, suna musu kan ko abin ya kai a kira shi kisan ƙare dangi. In wanda ya yi kisan abokin mai ƙarfi ne, sai maganar ta kwanta. Ban san doka ba, amma na san mai unguwa ma ba ya jiran a gama ƙona gida kafin ya sa wa wuta suna. Da Malam na nan, zai ce har yanzu duniya tana da ido? Ina jin zai ce tana da shi, hannu ne ba ta miƙawa. Kuma na san zai sake ɗauko rigar nan.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne na tsufa. Garin ya rabu, mu nan, su can, jikokina ba su da abokin da ake kira Bulus. In na tafi, wa zai tambayi inda aka binne shi?

To, ga inda kowa ya ƙare. Direban ya rasu ba a taɓa neman shaidarsa ba. Samarin nan, in suna raye, yanzu dattawa ne, wataƙila muna haɗuwa a kasuwa. Laraba ta koma ƙauyensu. Bulus ya makance, amma ya sa an kawo shi har ƙofar ɗakina da kaftani da hula a ƙunshe. Hular tana ƙarƙashin matashina.

Shi kuwa, tunda babu alƙalin da ya kira sunansa, babu kabarin da zan nuna, yau na ajiye kunya. Sunansa Haruna. Haruna mai gyaran rediyo, na Badarawa. Wanda ya san ramin da aka sa shi, ya zo ya faɗa mini tun ina ji. Allah Ya jiƙan sa.