Kwasakwasa a Kududdufin Baba Ya'u

Baba Ya'u ba mutum ne mai sakin fuska ba, ko jikokinsa sai sun leƙa kafin su shiga zaurensa. A Challawa aka haife shi, tun kafin kamfanoni su cinye gonakin gidansu su bar masa ɗan fili a bayan katangar wani kamfanin fata. Nan yake lambun latas da alayyahu. Ruwan da yake ba su daga magudanar kamfanin yake fitowa, baƙi wuluk, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ya taru a wani kududdufi. Duk unguwa an sani. Dillalan kasuwar 'Yankaba ne kawai ba su sani ba, domin a bakin titi yake tarbarsu da kaya a wanke, a ɗaure.

Wata bazara, lokacin da tsuntsayen ruwa ke wucewa arewa, ya fito da safe ya tarar da wani ƙaton farin tsuntsu a tsakiyar kududdufin, ga dogon baki da jaka a ƙarƙashi. Kwasakwasa. Rabonsa da ganin irinsa tun yana bin mahaifinsa bakin kogi. Bai yi murna ba. Abin kallo jama'a yake jawowa, shi kuwa jama'a yake gudu.

Ya jefe shi da hoge. Tsuntsun ya ɗan matsa, ya ci gaba da gyaran gashinsa.

Sai ga Musbahu, mijin 'yarsa Badi'a, ya taso daga aikin dare a kamfanin. Dama ba sa ga maciji tun da Musbahu ya hana a dafa ganyen lambun a gidansa. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, amma wayarsa na saitin ruwa.

"Baba, baƙo kuka yi?"

"Mayar da wayar nan aljihu."

"Ɗan bidiyo ne kawai, Baba. Mutane ba su taɓa ganin irinsa ba."

"Ka hana 'yata cin ganyena, yanzu za ka hana duniya."

"Ai ba ni na rina ruwan ba."

"Wa ya rina? Ba a ciki kake cin abinci ba?"

Musbahu dai bai sauke wayar ba.

Kafin la'asar tsuntsun ya tashi abinsa. Bidiyon ne ya ƙi tashi. Ya zaga wayoyin Kano: ga tsuntsu fari fat, ga ruwa kamar tawada, ga tiyo ya miƙe daga kududdufin zuwa fangalin latas, ga wani dattijo yana ta jifa.

Ranar ɗaukar kaya Alhaji Auwalu dillali ko sauka daga mota bai yi ba. Ya miƙo waya ta taga.

"Malam Ya'u, wannan ba hularku ba ce?"

"Hula iri ɗaya ta ƙare a Kano?"

"To tiyon fa? Ni ma iyalina suna cin latas ɗin nan." Ya ja motarsa.

Baba Ya'u ya loda kwandunan ganyen a baro, ya tura har ƙofar gidan Musbahu, ya kifar da su. Badi'a ta leƙo, goyo a baya.

"Baba, lafiya?"

"Ki ce wa mijinki ga ladan hotonsa. Ya ci, ko ya ba awaki."

Ya juya da baronsa. Daga wannan shekarar gero yake shukawa a filin, ya jira ruwan sama.