Kuɗin da Ya Shigo ta Ƙofar Kicin

Duk garin Arraba babu wanda bai taɓa shan gahawar Abu Wasim ba, sai dai wanda bai taɓa zuwa ta'aziyya ba. Sunansa na yanka Kayid, amma rabon da a kira shi da shi tun haihuwar ɗansa na fari, Wasim. Mutum ɗaya ce ta ƙi sauya baki, wato yayarsa Subhiyya da ke aure a Irbid, can ƙetaren kogi a ƙasar Jodan. Ita kam har gobe "Kayid" take ce masa, kamar tana kiran yaron goye. Kuma ita ɗin ce ta goya shi, don uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu.

Gajere ne, mai farin gashin baki, mai saurin fushi da saurin hucewa. In aka yi rasuwa, kafin a gama kafa rumfa ya iso da butocinsa uku na tagulla. Ya hura gawayi, ya soya, ya daka, ya dafa gahawar nan mai ɗaci da ba a sa wa sukari. Kwana uku zai yi yana zagaya masu makoki, buta a hagu, finjali a dama. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Kuma ko sisi ba ya karɓa. In kana son ganin ɓacin ransa, miƙa masa kuɗi.

"Ni za ka mayar ɗan ƙwadago? Wanda ya rasu ɗin ba nawa ba ne?"

Shekara ashirin da biyu yana da shagon gahawa da kayan ƙamshi a bakin kasuwa. Ba caca ce ta ci shagon ba, ba kuma holewa ba. Kunya ce ta cinye shi tas. Bawan Allahn nan bai iya cewa "babu bashi" ba. Aka buɗe katafaren kanti a hanyar shiga gari, masu biya suka koma can, masu "sai ƙarshen wata" suka zauna masa. Ya ci bashin banki ya biya dillalai, ya ci na dillalai ya biya banki, har ranar da ya sa kwat ɗinsa ya tafi kotu ya ce ya karye.

Kotu ta ɗora wata lauya a Nazarat a kan sha'aninsa, ta kuma gindaya masa sharuɗɗa. Zai riƙa biyan shekel ɗari bakwai duk wata har shekara uku, daga albashin gadin da ya samu a makarantar firamare. Duk bayan wata biyu zai cike takarda ya faɗi duk abin da ya shigo gidansa, ya sa hannu. Kuma ba zai fita ƙasar ba sai an gama. In ya cika, a yafe masa ragowar bashin ya zama ɗa kamar kowa.

Biyan bai dame shi ba. Mujaddara ce dai, shinkafa da wake da albasa, ko kullum za a ci ba ya ƙorafi. Takardar ma da kansa yake cikewa, ya ɗora tabarau a karan hanci yana rubutu kamar mai rubuta wasiyya. Sharaɗin ƙarshen ne ya tsaya masa a wuya. Subhiyya ta kai tamanin da ɗaya, idanunta sun tafi, zuciyarta kuma likita ya ce sai lallashi. Duk Juma'a bayan masallaci sai ta kira.

"Kayid, yaushe?"

"Saura wata goma, Yaya." Sai ya zama tara, ya zama bakwai. Tana ƙirgawa tare da shi, kuma wallahi ta fi shi riƙe lissafin.

Saura wata huɗu cif abin ya faru. Wata safiyar Asabar ya hau kujera a kicin yana neman tsohuwar rariyarsa a saman kabad, sai hannunsa ya taɓo gwangwanin alawa. Ya ji nauyi. Ya buɗe, sai ga ambulan jere kamar an shirya littattafai, kowace da suna a bayanta: gidan wane, makokin wane. Matarsa Umm Wasim ta shigo da kwandon shanya ta same shi a kan kujera, gwangwani a hannu.

"Sauko kafin ka faɗo ka karye da gaske," in ji ta.

"Mene ne wannan?"

"Alawa."

"Nuhad!"

In ya kira ta da sunanta, to magana ta kai inda ta kai. Ta ajiye kwandon ta faɗa masa. Tun da aka ji ya karye, mazan garin suka rasa yadda za su yi da shi. A ba shi, ya yi faɗa. A ƙyale shi, kunya ta kama su, ga mutum yana ƙona gawayinsa da gahawarsa a kan mamatansu alhali yana cin mujaddara sau bakwai a mako. Sai suka bi ta hannun matansu. Bayan kowane makoki, matar gidan ta leƙo kamar ta zo aron tukunya, ta tura ambulan ƙarƙashin tire. Shekara guda da rabi ke nan da fara hakan. Shekel dubu shida da ɗari huɗu.

"Ban taɓa ko ɗaya ba," ta ce. "Na tafiyarka Irbid ne. Ko hannu rabbana za ka je wa Yaya bayan shekara uku?"

Ya sauko a hankali ya zauna. "Takarda tara na sa wa hannu a shekara da rabin nan, Nuhad. Tara. Kowacce na ce babu abin da ya shigo gidan nan sai albashina."

"To ai ba ka yi ƙarya ba, tunda ba ka sani ba. Kuma wannan ba albashi ba ne, alheri ne."

"Saboda gahawata aka bayar."

"Ta ƙofar kicin ya shigo, ba ta hannunka ba."

"Kicin ɗin a gidan maƙwabta yake?"

"Kai dai Allah Ya yi ka da taurin kai! Wa ya sani? Matan nan ko an sa musu wuƙa ba za su faɗa ba. Wata huɗu ya rage. A bar kaza cikin gashinta, ka karɓi takardarka, ka je ka ga 'yar'uwarka tun tana numfashi."

Nan ta taɓa inda ke masa ciwo, kuma ta san ta taɓa. Ni mai ba ku labarin nan, da ni ne, da na mayar da gwangwanin saman kabad na yi shiru, ba zan ɓoye muku ba. Shi ma sai da ya kwana biyu yana juya abin. Ya san in ya faɗa, za a iya ƙara masa wa'adi. Ya san Subhiyya ba lallai ta jira ƙari ba. Amma takarda ta goma na nan a kan tebur tana jiran sa hannu, kuma yanzu ya sani. Ya ɗauki biro sau uku yana ajiyewa.

Ranar Talata ya sa kwat, ya naɗe gwangwanin a leda, ya hau bas ɗin Nazarat. Kafin ya fita, Umm Wasim ta cusa masa gurasa da zaitun a aljihu.

Ustaza Rula, lauyar, yarinya ce sa'ar 'yarsa, mai tabarau da tarin fayil har bisa kujeru. Ta sa aka kawo masa gahawa daga inji a kofin takarda. Ya dubi abin da tausayi, ya ajiye a gabansa bai kurɓa ba. Sannan ya ɗora gwangwanin a kan tebur ya zayyana mata komai, bai rage ba.

Ta buɗe, ta karanta sunayen da ke bayan ambulan. Sannan ta ce, "Baffa, gahawarka za ta huce."

"Ba zan sha ba tukuna, 'yata. Da buƙata na zo."

Ta cire tabarau ta yi dariya. Ashe ta san al'adar, ta gani a zauren kakanta: mai roƙo ba ya taɓa finjali sai mai gida ya ce an biya masa buƙata.

"Baffa, nan ofis ne. Ni ba dattijon ƙauye ba ce da zan ce sha, an ba ka. Alƙali ne mai yankewa. Amma faɗi mu ji."

"Biyu ne. Kada sunan matata ya shiga takarda a matsayin mai laifi. Ni ne mai sa hannu, a ɗora mini. Na biyu kuma…" Ya ba ta labarin Subhiyya, da kiran Juma'a, da lissafin watanni.

Ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Kuɗin gwangwani na masu bin bashi ne. Daga yau duk ambulan da ta shigo, ko ta taga ce, sai an rubuta ta, kuma biyan wata zai ƙaru gwargwadonta. Wa'adi ma da wuya a ƙi ƙara masa. Amma za ta rubuta wa alƙali cewa da ƙafarsa ya zo, ba kama shi aka yi ba, kuma ba za ta sa sunan matarsa ba.

"Wata nawa?"

"Ina jin shida."

Ya sunkuyar da kai. Huɗu da shida, goma. An koma inda aka fito.

"Akwai wata ƙofa," ta ce. "Ana iya roƙon izinin fita na kwana goma. Sai dai sai mutum biyu sun tsaya maka, su sa hannu cewa in ba ka dawo ba bashinka duka ya hau kansu. In ka kawo su, ni ba zan yi jayayya ba. To, wannan kam na iya ba ka. Sha gahawarka."

Ya sha, don alkawari alkawari ne. Ya ce mata daga baya bai taɓa shan azaba irin wannan ba.

Ya dawo gida ya ce shi fa ba zai roƙi kowa ba. Mutumin da ya karye, da wane ido zai ce wa wani ɗauki bashina ka ɗora a wuyanka? Umm Wasim ta ce, "To, kada ka roƙa." Ta yafa mayafi ta fita aron tukunya.

Ranar Alhamis mutum goma sha ɗaya suka cika ofishin Ustaza Rula, har da masu tsayuwa a matakala. Ta ce biyu take so, suka kama gardamar wa ya riga wa. A cikin biyun da ta ɗauka har da Abu Samih dillalin sukari, wanda shi kansa yana cikin masu bin Abu Wasim bashi. Ta tambaye shi ko ya fahimci abin da zai sa wa hannu.

"Na fahimta sarai. Ina zai gudu? In ya gudu wa zai dafa gahawar makokina, wannan injin naki?"

Alƙali ya ƙara wata shida, ya kuma ba da kwana goma. Abu Wasim ya ƙetare gada da 'yar jaka ɗaya da ƙullin gahawar da ya soya da hannunsa, don kuɗin tsaraba sun tafi inda suka tafi.

Ya sami Subhiyya a kan katifa kusa da taga, ta ƙanƙance har ya kusa rashin gane ta. Ya durƙusa ya sumbaci hannunta. Ita kuwa ta kama fuskarsa da tafukanta biyu, ta shafa gashin bakin, ta gangaro kafaɗu, ta bi damatsansa tana matsawa har zuwa yatsu, kamar yadda take yi masa in ya faɗo daga bishiyar ɓaure yana yaro.

"Yaya, me kike nema?"

"Shekara uku ana ce mini ƙanena ya karye," ta ce. "Na duba ko'ina, Kayid. Ni ban ji inda ya karye ba."